Elmina: wa ya riƙe wa Bature bindiga?

Malamin da ya samu zuwa Gana, kada ya tsaya kasuwar Kumasi kaɗai, ya gangara bakin teku ya ga ganuwar Elmina. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482 saboda zinariya. A 1637 Turawan Holan suka hau tudun da ke kallonta da igwa suka ƙwace ta, a 1872 ta koma hannun Ingila.

Baƙi galibi kurkukun bayi suke zuwa gani, kuma ya cancanci gani. Amma akwai labarin da ba mu kai wa ƴan lakwal. Da Ingila ta yaƙi Asante a 1873 zuwa 1874, cikin dakarunta har da Hausawa da aka kwaso daga Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gidansu. A Elmina ɗin aka tsare Sarkin Asante Prempeh a 1896.

Ba daɗin faɗi, amma a faɗa a aji. Yaranmu sun haddace sunan Voulet da Chanoine na 1899. Turawa nawa ne cikin ayarin da ya ƙone Birnin Ƙwanni? Ba su kai goma ba.