A So Waƙa, A Ƙi Mawaƙiya

A gidanmu da ke cikin Badala an taɓa yin wani littafin soyayya da ya zagaye ɗakuna har bangonsa ya yage. Labarin wata mawaƙiyar amada ne da ɗan wani attajiri ya nemi aurenta, danginsa suka ce ba a haɗa jini da maroƙa. Yayata ta karanta, ta miƙa wa gwaggonmu, ita kuma ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta yi boko ba. Ranar da wani kawunmu ya tsinci littafin, cewa ya yi shirme ne mai lalata tarbiyya. Bayan mako biyu, shi ne ya biya kuɗin masu kiɗan ƙwarya a bikin 'yarsa.

Wannan munafuncin nake ƙalubalanta. Al'ummar da ta ji daɗin muryar Barmani Choge har ta rasu a 2013, wadda matanta suka yi rawa da waƙoƙin Uwaliya Mai Amada, ita ce kuma take ɗaukar mawaƙiya a matsayin wadda ake yi wa liƙi amma ba a kai wa lefe. Haka muke yi wa littattafan soyayya: a karanta su a ƙuryar ɗaki, a zage su a zaure. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na marubuci.

Zagin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1990 masana irin su Ibrahim Malumfashi suka kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya kare su. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an cinna wa wasunsu wuta a bainar jama'a. Amma wa ya tambayi mai karatu abin da ta samu a ciki? Wadda ta kwana tana karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, rayuwarta ta gani a takarda: auren dole, kishiya, saki, da fifita dukiya a kan hali.

Masu suka suna da hujja, ba na musu. Akwai littattafai masu raunin zubi, masu karya ƙa'idar rubutu, masu sayar da mafarkin motoci da gidajen bene. Sai dai maganin rubutu maras kyau shi ne nazari da gyara. Ashana ba ta taɓa koya wa marubuci gina jimla ba. Jin daɗi kuwa ba aibi ba ne a adabi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito daga gasar 1933, dariya ce ta fara shigar da shi zukata kafin malamai su sa shi a manhaja.

Wasu al'ummomin ma sun bi ta wannan turba. A Amurka, baƙaƙen fata suna da kiɗan bulus, waƙar ƙunci da begen masoyi, wanda masu wa'azinsu da yawa suka kira kiɗan shaiɗan, suka ƙyamaci mawaƙiya irin Bessie Smith. A 1982 Alice Walker ta fitar da The Color Purple, inda wata mawaƙiyar bulus da gari ya tsangwama ta zama sanadin farkawar matar da aka danne. Shekara guda bayan haka littafin ya ci kyautar Pulitzer.

Ɗalibai da alƙalan adabi, kafin ku yanke wa littafi hukunci, ku tambayi dalilin da ya sa mata uku suka yi wa mawaƙiyar ƙage kuka a gida ɗaya. Gwaggona, wadda a da take hana mu gaisawa da zabiyar unguwarmu, ta gama littafin nan ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe su ma suna so." Wa'azin shekaru bai kai ta nan ba. Daɗin labari ne ya kai ta.