A daina yawo da Proteus na sata a fulas

'Yan uwa masu karanta lantarki, yau da ku nake. Da lokacin furojet ya zo sai a fara tura wa juna Proteus ko Multisim da aka fasa wa kwaɗo, daga wannan fulas zuwa wancan, har da gyaran cutar kwamfuta. A yi zane, a danna, fitila ta kama a allo, a ɗau hoto a liƙa a babi na huɗu. Ka tambayi mutum me ya faru tsakanin zanen da fitilar, sai sosa ƙeya. Haba!

Abin da ke tsakani rubutu ne, sunansa netlis. Kwamfuta ba zanenka take lissafawa ba, jeri take karantawa: wane abu, ƙafarsa na haɗe da ina, ƙimarsa nawa. R1 1 2 10k, wato rizisto mai om dubu 10 tsakanin mahaɗa ta 1 da ta 2. Shi ke nan fa. Tsarin SPICE ne, ya fito daga jami'ar Berkeley ta Amurka a 1973.

KiCad kyauta ne, ba sata ba. Jean-Pierre Charras ya fara shi a Faransa a 1992, injiniyoyin CERN ma sun sa hannu a gina shi, kuma tun 2018 yana tafe da ngspice a ciki. Ka zana, ya fitar maka da netlis, ka buɗe ka karanta da idonka. A nan asiri ke tonuwa. Babu mahaɗa ta 0, wato ƙasa? Lissafi ba zai tashi ba. Ka rubuta 1M da hannu kana nufin miliyan? SPICE zai ɗauka ɗaya bisa dubu ne, sai ka sa Meg. Taransisto kuma kolekta, bes, emita yake so a jere, ko da lambobin ƙafafun zanenka sun saɓa.

Na san za a ce Proteus yana kwaikwayon Arduino, KiCad ba ya yi. Gaskiya ne, ban musa ba. To amma cajar sola da infata fa? Su ma Arduino ne?

Mu 'yan Kwoi kuɗin citta ne ke riƙe da yawancinmu a makaranta, kuma kowa ya ga yadda cutar 2023 ta cinye gonaki a Jaba da Kachia. A haka ne wani zai karɓi kuɗin gida ya sayi furojet ɗin da ko layi ɗaya bai iya bayani ba? Ga busar da citta nan, har yau a shanya a ƙasa, ruwa ya sauko a kwasa da gudu. Da'irar da za ta auna zafi ta kunna fanka ba ta fi ƙarfin ɗan aji uku ba, kuma za ka gwada ta a ngspice kafin ka kashe ko sisi a kasuwar Kafanchan.

Wanda data ta yi wa tsada ya yi magana a ƙasa. Ina da shi a fulas, sau ɗaya ake sa shi, ba ya neman intanet.