Ɗalibin lokotoro, ka zo Saga ka gani da idonka

Mai karatu, in ka je asibitin Lamorde, za ka ga samari da ƴan mata cikin farar riga suna bin lokotoro da littafi a hannu. Ɗalibai ne na jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. Karatunsu da Faransanci ne, kuma yana cin shekaru da yawa.

Ni dai a ganina, abin da malam ya rubuta a allo bai isa ba. Dubi nan Saga. Muna bakin kogi, ga fadamun shinkafa. Ruwa na kwance, sauro na haihuwa, in damina ta yi nisa masassara ta kada yara. Masu wanka a ruwan fadama kuwa, tsargiya ke kama su, su riƙa fitsarin jini. Ɗalibi ya karanta duk wannan a littafi. To, ya san yadda zai tambayi uwar yaro da Zabarmanci ko da Hausa? Ya san yaro yakan ɓoye fitsarin jini don kunya? Wannan sai ya taso da ƙafarsa, ba tare da an aiko shi ba, ya zauna da mutane ya yi tambaya.

Kai ma da naka aikin. Wasunmu in ɗalibi ya matso sai su ɓata rai: «A kira mini babba!» Haba! Babban ma daga nan ya faro. In yaron ya yi sallama, ya nemi izini, kuma malaminsa na kusa, ka gaya masa ranar da ciwon ya fara, da maganin da ka sha, har na gargajiya.