Ƙoshiya Mai Tashi da Masaƙan Gobir

Muna roƙon Malam Edita ya ba mu ɗan fili cikin shafukan Hausa, domin mu ƙarasa wata magana da aka fara a ɗakin aikin hannu, ƙararrawa ta katse ta ba a kai ƙarshe ba. Ran nan malaminmu ya nuna mana surar wata masaƙa mai faɗi, wadda ba a jefa ƙoshiyarta da hannu, sai dai a fizgi igiya ta ruga da kanta. Da ganin haka sai wani ɗan'uwanmu mai kaifin baki ya miƙe, ya ce ai ga maganin talaucin masaƙanmu nan, a tattara 'yan itatuwan da su ke zama a ciki a hura wuta da su, a raba musu irin wannan. Aka yi dariya, aka tafa masa. Mu 'yan ƙasar Isa da Sabon Birni ba mu tafa ba, gama waɗansunmu da ribar ƙoshiya aka biya musu kuɗin Laraba tun suna riƙe da allo.

Kafin mutum ya ce a ƙone abu, ya kamata ya san abin da zai ƙone. Masaƙi a ƙasarmu ya kan kafa masaƙarsa gindin itace ko cikin rumfa. Ya yi wadari, ya miƙe zaren can nesa gabansa, ya ɗaure shi jikin kunkuru, watau dutsen nan da ke jan zare ya tsaya sosai, yana matsowa kaɗan kaɗan yayin da aiki ke ci gaba. Ƙafafunsa biyu su ke buɗe allera, ya taka wannan rabin zare ya tashi, ya taka waccan ɗayan rabin ya tashi. Cikin ƙofar da ta buɗe ya ke jefa ƙoshiya daga dama, hagu ta cafe, ya jawo matsefi ya buga, ya sāke takawa, ya mayar da ita. Faɗin abin da ya ke saƙawa, wanda mu ke kira ƙwarya, galibi bai wuce inci huɗu ba, na turkudi kuwa da a ke rinawa a Kura domin Buzaye ko inci ɗaya ba ya cikawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan gwanin masaƙi ya san ido ba ya iya bin ƙoshiyarsa, sai dai kunne ya ji ƙararta. To, tsakanin hannun dama da na hagu, taƙi ɗaya bai cika ba, ina wurin da igiya za ta shiga ta taimaka?

Wanda ya ƙago ƙoshiya mai tashi wani Bature ne, John Kay, mutumin Bury a lardin Lankasha ta Ingila, a shekarar 1733. Larurar da ta sa shi tunani dabam ta ke da tamu. Su can tufafi masu faɗi su ke saƙawa, har faɗin ya fi ƙarfin hannuwan mutum guda, sai an zaunar da mutum biyu, wannan ya jefa wancan ya cafe. Kay ya sa wa ƙoshiya 'yan ƙafafu masu gangarawa, ya yi mata hanyar katako jikin matsefi, ya kafa akwati a ko wane gefe. Cikin ko wane akwati da ɗan abin bugu ɗaure da igiya, igiyoyin biyu kuma suka haɗu a mariƙi guda a hannun masaƙi. In ya fizga hagu a harbo ƙoshiya, in ya fizga dama a mayar da ita. Mutum ɗaya ya ɗauke aikin biyu, ya kuma fi su sauri. Dabara ce ta ƙwarai, ba mu musu. Shi dai mai dabarar bai ci moriyarta ba, masu masaƙu suka yi ta aiki da ita suna hana shi hakkinsa, shari'a ta cinye abin hannunsa, a 1747 ya ƙaura Faransa, can ya mutu. Ɗansa Robert, a 1760, ya ƙara akwati mai hawa hawa, wanda ke riƙe ƙoshiya da dama, ko wace da launin zarenta, masaƙi ya sauya launi ba tare da ya miƙa hannu ba.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, tun da dai an ce mu malaman gobe ne. Yadi inci 36 ne. In ƙwarya inci huɗu ce, sai an jera tara a ɗinke kafin a sami faɗin yadi. Ashe jifa ɗaya a masaƙa mai faɗin yadi daidai ya ke da jifa tara a tamu. Nan ribar ta ke, a wajen faɗi. Ko da mai igiya rabin jifan masaƙinmu ya ke yi, ya ninka shi huɗu da rabi wajen yawan tufa. Abin da ɗan'uwanmu bai lissafa ba shi ne, ya ninka shi huɗu da rabi wajen cin zare kuma.

Zare kuwa ba a tsintarsa a hanya. Mun ga yadda iyayenmu mata su ke fama: a gurje auduga a fid da angurya, a shiɓe ta, a zauna da mazari da alli ana kaɗi dare da rana, a yi kwanaki kafin a tara abin da masaƙi zai lanƙwame a yini guda. Haka ta faru ga Turawan ma. Da ƙoshiyar Kay ta bazu sai zare ya yi ƙamfa, masaƙa suka riƙa bin gida gida suna neman abin da za su saƙa. Wannan yunwa ita ta haifi injin kaɗi na Hargreaves wajen 1764, da na Arkwright a 1769, da na Crompton a 1779. Da zare ya wadata sai saƙa kuma ta kāsa, Cartwright ya fito da masaƙa mai aiki da ƙarfin inji a 1785. Ko wace dabara ta jawo ƙanwarta, har a ƙarshe masaƙan hannu na Lankasha, waɗanda aka fara yi wa gatan, su ne suka rasa abinci. Abin lura ne, tufafin da waɗannan injuna suka zubo su ne suka biyo jirgin ƙasa zuwa Kano a 1911, da Ƙaura Namoda a 1929, suka shiga kasuwar Shinkafi da ta Isa. Audugarmu kuma ta bi jirgin nan ta koma, bayan an gurje ta a Gusau da Funtuwa. Alhali a 1851, sa'ad da Barth ya sauka Kano, ya kimanta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, har Tambutu a ke kai su, kuma duk ƙwarya ƙwarya aka saƙa su, da ƙoshiyar nan da a ke so a ƙone.

Ba kuwa yau aka fara kawo mana ƙoshiya mai tashi ba. Bayan Yaƙin Duniya na biyu, wajen 1946, gwamnatin Turawa ta buɗe wuraren koyar da kaɗi da saƙa a Ado-Ekiti da Oyo da waɗansu garuruwa, har da Arewa, aka koya wa samari masaƙa mai faɗi. Abin bai yi nisa ba. Masaƙar tana da tsada, tana bukatar ɗaki da jarin zare mai yawa, sa'an nan babban ciwon, abin da ta ke fitarwa ƙyalle ne mai faɗi, kamar na kanti, ga shi ya fi na kanti tsada bai kai shi laushi ba. Wa zai saya? Wanda ya shiga kokawa a fagen da inji ya fi ƙarfi, ai tun kafin a kama ya sha ƙasa.

Wani zai ce, to, sai mu kafa injin gaba ɗaya. An kafa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, waɗansu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau. A lokacin nan dabarar ƙoshiya ta riga ta yi nisa a duniya: tun 1895 masaƙar Northrop a Amurka ta ke sauya kwarkwaron da ya ƙare da kanta, har mutum ɗaya ya iya lura da masaƙu fiye da goma, a 1924 kuma Sakichi Toyoda na Japan ya yi wadda ke sauya ƙoshiya ɗungum ba ta tsaya ba. Daga baya ma aka yar da ƙoshiyar, iska ko ruwa ke harba zare. Duk da haka masaƙar farko ta Kaduna ta rufe a 2002, babbar ƙanwarta UNTL ta rufe a 2007, ta Gusau ta yi shiru. Rashin saurin ƙoshiya bai kashe su ba. Rashin lantarki ne, da tsadar baƙin mai, da atamfar Sin mai araha da a ke satar shigowa da ita ta iyakar Nijar, ta Maraɗi, nan bakin ƙofarmu.

Amma ku dubi abokan wasanmu Yarbawa, ko da ya ke Bagobiri ba ya son yabon Bayarabe a bainar jama'a, yau dai tilas. Masaƙan Iseyin da na Ilori ba su yar da ƙaramar masaƙa ba. Sun karɓi zaren inji mai launi iri iri, suka ci gaba da jefa ƙoshiya da hannu, har yau kuwa ba a cika biki a ƙasarsu ba da tufar nan tasu ba, da tsadarta. Haka mutanen Bonwire na Gana da kentensu. Mai sayen irin wannan tufa, ƙwaryar ya ke biya, da gaɓar ɗinkin, da yadda zane ke haɗuwa da zane. Saƙi da tsamiya da barage namu ma haka su ke. In aka saƙa su faɗin yadi sun tashi daga abin da su ke, ko wane inji kuma ya iya kwaikwayonsu.

Akwai wata magana kuma wadda ta fi waɗannan nauyi a zuciyarmu, ba mu faɗe ta a aji ba domin ba ta dariya ba ce. Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsere wa 'yan bindiga, waɗansu suka ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi, waɗansu suka taru cikin manyan garuruwa, suka bar gonakin fadamar Rima da Bunsuru. Manomi ba ya ɗaukar gonarsa a ka. Masaƙi kuwa ya kan kwance allera da matsefi, ya naɗe wadarinsa, ya jefa ƙoshiya aljihu, inda ya sauka ya sari 'yan sanduna, ya nemi dutse, kafin la'asar ya fara neman abincin iyalinsa. Mun san wani dattijo da ya yi haka, bai roƙi kowa ba. Masaƙar da aka nuna mana a sura sai mutum huɗu sun ciccibe ta. Wanda bai san inda zai kwana jibi ba, wannan za a ce ya sayar da akuyarsa ya saya?

Kada fa a ce mun ƙi ci gaba. Ɗan'uwanmu yana da gaskiya a wuri guda, mun ba shi. Akwai tufafin da ba ruwan mai saye da ƙwarya, kamar gwado na sanyi, da mayafi, da shimfiɗa, ɗinke su kuwa wahala ce da ɓata lokaci. Akwai kuma saƙar mata ta cikin gida, wadda a ke jinginawa jikin bango, mace tana tura zare da doguwar sanda, a yi mako a kan zane ɗaya. A irin wannan aiki igiyar Kay tana da amfani, sai dai a sani ba ta hawa masaƙar tsaye, dole a sāke masaƙa, gama ƙoshiya mai ƙafa ba ta gudu sai a shimfiɗe. Masaƙan hannu na Indiya sun karɓe ta a farkon ƙarni na 20, da yawansu suka ɗaura ta kan masaƙarsu ta rami, domin su dama tufa mai faɗi su ke yi. Su sun ɗauki dabarar ne suka kai ta inda a ke nemanta.

In tambayar ita ce wane taimako ƙoshiyar masaƙinmu ke bukata, mu dai abin da muka gani da idonmu, ba jifa ke cin lokacinsa ba, tsayawa ce. Kwarkwaro ƙarami ne, nan da nan ya ƙare, a tsaya a cire, a sa wani, a zura zare ta idon ƙoshiya, in babu cikakke a kusa sai a jira yaro ya naɗa. Ƙafar tsohon keke da ɗan bel da ƙarfe guda, wanda ko wane maƙeri a Isa zai haɗa, tana cika kwarkwaro da yawa kafin a gama gaisuwa, waɗansu masaƙa ma sun riga sun gane haka. Zura zaren kuma ba ƙaramin abu ba ne. A masaƙun Lankasha da baki a ke tsotso shi ta idon ƙoshiya, ƙoshiya ɗaya bakuna da yawa, ga ƙurar auduga, ga tsoron tarin fuka, har jihar Masacusat ta Amurka ta hana wannan al'ada a 1911, aka koma ga ƙoshiya mai tsaga wadda zare ke faɗawa da kansa. Irin wannan gyara ƙarami, da wuƙar masassaƙi a ke yinsa, bai kuwa kori kowa daga aikinsa ba.

Dalilin da ya sa muka tsawaita, nan da 'yan watanni za a rarraba mu makarantu, waɗansunmu Isa za a kai su, waɗansu Sabon Birni. Yaro ya kan ɗauki maganar malaminsa tamkar yankan wuƙa. In muka tsaya gaban allo muka ce masaƙar ubansa itacen wuta ce, zai je gida ya ji kunyar zama kusa da ita, kuma ba mu da wata masaƙa, ko ta igiya ko ta inji, da za mu miƙa masa a madadinta.

Saboda haka muna roƙon malamin aikin hannu da malamin sassaƙa, in hali ya yi, a haɗa mana masaƙa mai igiya guda a nan kwaleji, da katakon gida. Mu kuma bayan hutu za mu zo da allera da matsefi da ƙoshiya daga Gobir, mu kafa su kusa da ita. A ba ko wace zare daidai, a sa agogo, a rubuta kuɗin da aka kashe, sa'an nan a kai abin da aka saƙa kasuwa a ji abin da masu saye za su taya. Ɗan'uwanmu mai son hura wuta mun ajiye masa aikin naɗin kwarkwaro, na ɓangarorin biyu duka.