A cikin wasa kai ne mai restoran, a wajen wasa kai ne kiliya



Yau maganar wasa za mu yi, amma wasan da ke cin lokaci, ya ci batir, wani zubin har ya ci kuɗi. Ina nufin wasannin salula na dafa abinci da riƙon restoran, waɗanda yara da matasa da matan gida ke latsawa idan sun samu sarari. Irinsu na da yawa, kuma ba yau sunka fara ba. Tun shekarar 2004 anka fitar da Diner Dash a Amurka, inda wata matashiya mai suna Flo ta bar aikin ofis ta buɗe gidan abinci. Ni dai zan tsaya kan guda ɗaya, wato Cooking Fever, wanda kamfanin Nordcurrent na ƙasar Lituwaniya ya fitar a 2014. Kyauta ake saukar da shi, kuma akwai shi da Faransanci. Abin da zan faɗa a kansa ya shafi kusan dukkan ƴan uwansa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Ana ba ka ƙaramin kicin, mutane su zo su tsaya gaban kanta, kowa da abin da yake so. Restoran na farko na hambaga ne da sosis da firit da lemo. Kai ne mai soya nama, kai ne mai haɗawa a faranti, kai ne mai miƙawa, kai ne mai karɓar kuɗi. Kowane kiliya yana da iyakar haƙurinsa. Ka yi sauri ya ba ka tukuici, ka yi nawa ya yi fushi ya tafi. Kowane restoran yana da mataki 40, kuma a kowane mataki ana ba ka tauraro 1 zuwa 3 daidai da cinikin da ka yi. Kuɗin wasan iri biyu ne: akwai sulalla da kake samu wajen ciniki, akwai kuma lu'u-lu'u, wanda samunsa ke da wuya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne wanga: wanda zai ji daɗin wasan nan shi ne wanda ya shige shi da kan ɗan kasuwa. A cikin wasa kai ne mai restoran, amma a wajen kamfanin da ya ƙera shi kai ne kiliya, kuma abin da suke sayarwa shi ne maganin gaggawa. Duk shawarar da zan ba sabon shiga daga nan ta fito.

Ta farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Da an buɗe mataki akwai ɗan lokaci kafin mutum na farko ya iso. Kar ka tsaya kallon allo. Ɗora nama a wuta, jera burodi a faranti, sa dankali a mai. Mai shayi na bakin tasha ba ya jiran sai an ce "a ba ni" kafin ya ɗora ruwa. Sai dai kar zumuɗi ya sa ka cika duka kaskon alhali ba ka da farantin da za ka juye. Naman da ya wuce lokaci a wuta ƙonewa yake, sai kwandon shara, ga kuma mai jira yana hararar ka.

Ta biyu, ka san wanda za ka fara sallama. Sabon shiga yakan bi layi, wanda ya fara zuwa shi zai fara ba. To ba kullum ne hakan ke fitar da kai ba. Ka duba ma'aunin haƙurin da ke jikin abin da kowa ya nema. Wanda nasa ya kusa ƙarewa shi ne na gaba. Wanda lemo kaɗai yake so, miƙa masa ya wuce tun da latsawa ɗaya ce. Akwai kuma ɗan gato da ake ajiyewa a gefe, wanda ake ba mai fushi don ya huce. Shi ma saye ake yi, don haka kar ka raba shi kamar alewar biki. Ajiye shi don lokacin da abin ya cakuɗe.

Ta uku, wata dabara ce da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Idan kiliya ya biya ya tafi, kuɗinsa na nan kan kanta, kuma wani ba zai tsaya a wannan wurin ba sai ka kwashe su. Ke nan idan hannunka ya cika, mutum uku na jira, bar kuɗin nan inda suke, ba mai ɗauka. Sallami waɗanda ke gabanka tukuna, sannan ka kwashe. Da haka kai ne ke iko da yawan mutanen da ke tsaye a kanka. Son kwashe kuɗi da wuri shi ke jawo cunkoson da ke kayar da mutane.

Ta huɗu, nan ne kan ɗan kasuwa ke aiki. Idan ka tara sulalla, wasan zai nuna maka wuri biyu da za ka zuba su: kicin da kuma kayan ƙawata restoran. Ido yakan tafi wajen tele da kujeru masu kyau. Ka danne zuciyarka, kicin ne farko. A kicin ɗin ma ka fara da abin da kusan kowa ke saye. Ƙara ingancin nama da burodi na ɗaga farashin kowane faranti, ƙarin kasko da faranti kuma na ba ka damar dafa da yawa a lokaci guda. Kayan ƙawa suna da nasu amfani, suna ƙara wa mutane haƙuri, suna ƙara tukuici, amma layinsu na baya. Ka tambayi duk wata mai sayar da shinkafa da wake, idan ta samu rarar jikka biyar, tukunya za ta ƙara ko labule? Amsar a bayyane take.

Ta biyar, kar ka ji kunyar komawa baya. Idan wani mataki ya gagare ka, yawanci ba yatsunka ne ke da nawa ba, kicin ɗinka ne bai kai ba. Koma matakan da ka riga ka ci ka sake buga su, za ka tara sulalla, kuma makin ƙwarewarka zai ƙaru. Duk lokacin da ƙwarewar ta hau sabon matsayi ana ba ka lu'u-lu'u. Haka nan idan ka jera kwanaki kana leƙa wasan ba fashi, kyautar kullum na ƙaruwa har ta kai ga lu'u-lu'u, kuma restoran da ka buɗe suna kawo maka kuɗin shiga kowace rana. Leƙawar minti biyu ta isa ka karɓa. Ba sai ka kwana a kai ba.

Ta shida, kar ka yi gaggawar buɗe sabon restoran. Bayan na farko akwai gidan gato, akwai wasu birjik a gaba, kowane da hotonsa mai jan rai. Buɗe su na cin sulalla da lu'u-lu'u, gyaran kicin ɗinsu ma haka. Wanda ya buɗe uku a lokaci guda zai wayi gari da kicin uku marasa ƙarfi, ba ya iya ci gaba a ko ɗaya. Mu ma a kasuwa mun san mai butik ɗin da ya buɗe reshe tun na farkon bai tsaya da ƙafafunsa ba, kuma mun san yadda labarin ke ƙarewa.

To jama'a, yanzu mu zo kan babbar magana, wato lu'u-lu'u. Hausawa sunka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya biya ma'aikata sunka zana wasa, ya kuma ba ka kyauta, dole yana da inda yake fanshewa. Ga inda yake. A farko komai na tafiya sumul, gyare-gyare na da araha. Kana nisa sai ka ga kusan duk wani gyara mai muhimmanci na neman lu'u-lu'u. Ka sayi kayan ƙawa, a ce ka jira a kawo, ko ka biya lu'u-lu'u a kawo yanzu. A nuna maka injin da ke dafa abinci da kansa ba ya ƙonawa, a ce tayin na ɗan lokaci ne, ga agogo yana ƙirgawa. Daidai lokacin da ranka ya ɓaci don mataki ya kayar da kai, ga kantin lu'u-lu'u nan kusa da yatsanka, a sayar maka da kuɗin gaske. Ba haɗari ba ne, tsari ne.

Shawarata ga sabon shiga: kar ka kashe lu'u-lu'u don rage jira. Jira kyauta ne. Ajiye waya ka tafi harkarka, ka dawo ka tarar an gama. Tara su don kicin, ko don injin nan mai dafawa da kansa idan ka ga za ka kai. Kuma kar ka sa kuɗin aljihunka. Duk abin da kuɗi zai ba ka yau, haƙuri zai ba ka bayan kwanaki.

Akwai kuma wani lungu a cikin wasan da ya kamata iyaye su sani. Gidan caca ne, da injin da ake juyawa, ka zuba sulallan wasa ko Allah Ya sa ka ci lu'u-lu'u. Wani zai ce ai ba kuɗin gaske ba ne. Haka ne. Amma hannun da ya saba da "bari in sake gwadawa sau ɗaya" bai san bambancin sulallan wasa da sefa ba. Ga shi muna zamanin da cacar ƙwallo ta shigo cikin wayoyi. A ganina, babba ya kauce wa wanga lungu, yaro kuwa a hana shi kai tsaye, a kuma gaya masa dalili.

Maganar yara ba ƙarama ba ce. A shekarar 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dalar Amurka miliyan 32 da rabi, Google kuma miliyan 19, saboda sayayyar da yara sunka yi a cikin wasanni ba da sanin iyayensu ba. In hakan ta faru a can, mu ma da katin banki ya fara shiga wayoyinmu sai mu yi hattara. Idan ka taɓa haɗa katinka da Play Store, shiga wajen saituna ka sa a riƙa tambayar lambar sirri kafin kowace sayayya. Aikin minti ɗaya ne. Kuma tun da yawancin wasan na tafiya ba tare da intanet ba bayan ka sauke restoran ɗin da kake bugawa, kashe koneksiyon kafin ka miƙa wa yaro waya. Ka tsare forfe, ka tsare aljihu.

Na san akwai masu cewa, malam, duk wanga dogon bayani a kan wasan yara? A goge shi kawai a huta. Ban raina wagga magana ba. Wanda wasa ya hana shi salla kan lokaci, ko ɗan lekol da ya bar karatu ya kwana yana soya naman da ba a ci, gogewar ita ce maganinsa. Amma mutum na buƙatar abin rage gajiya, kuma a cikin abubuwan da ke yawo a wayoyi, wasan da ke koya wa yaro shiri tun da wuri, da sanin abin da ya fi gaggawa, da mayar da riba cikin jari, ba shi ne mafi muni ba. A sa masa lokaci, a ce rabin awa bayan an gama aiki, ya fi a hana a fili a je a yi a ɓoye.

Akwai kuma masu cewa, kuɗina ne, in na sayi lu'u-lu'u don jin daɗina ina ruwan wani? Gaskiya ne, kuma masu wasan ma suna da haƙƙin cin guminsu. Wanda ya zauna da hankalinsa ya ware abin da zai kashe a wata, ba ni da ta cewa. Abin da nake ja da shi shi ne sayen da ake yi cikin fushi, ƙarfe ɗaya na dare, don mataki na 30 ya ƙi ciwuwa. Wannan ba kai ka yanke shawara ba, an yanke maka.

Abu na ƙarshe, kar wanda ya ci taurari uku ya ɗauka ya iya riƙon gidan abinci. A cikin wasa ba mai cin bashi ya ce sai ƙarshen wata. Ba a ɗauke kuran, gaz ba ya ƙarewa ana tsakar girki, buhun shinkafa ba ya tashi dare ɗaya. Matan da ke tashi tun asuba su hura wuta a bakin kasuwa da tasha suna buga matakin da ba a maimaitawa, in abinci ya kwantai asarar ta gaske ce. In wasan ya sa ɗanka ko ƴarka sha'awar sana'ar, madalla, a kai su wajen mai yi su ga yadda ake auna shinkafa da lissafin riba.

Saboda haka ɗan uwa, ƴar uwa, in za ka fara, fara da sannu. Shirya kafin a zo, gyara kicin kafin ado, koma baya ka tara, bar agogo ya ƙirga abinsa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, balle hambaga.

Allah Ya sa mu dace. Sai an jima.