Gasar iyo a Binuwai, amma da sanin lokaci

Jama'a, ina ganin lokaci ya yi da Jimeta za ta shirya gasar iyo a kogin Binuwai, kuma darasin da za mu ɗauka yana wajen masu shirya irinta a kogin Tems na Ingila. Can ruwan teku ne ke turo kogin ya cika, ya kuma janye, sau biyu a yini, don haka sai an duba jadawalin ruwa kafin a sa lokacin shiga. Binuwai ba ya jin motsin teku, amma shi ma yana da nasa jadawalin: cikar damina wajen Agusta da Satumba, da kuma ranar da Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo, wadda kowa ya ga aikinta a ambaliyar 2012 da ta 2022. Ke nan a sa gasar da rani, lokacin da ruwa ya kwanta. Na san za a ce ana kiran mutuwa, ga dorina, ga tsargiya. Gaskiya ne, sai dai yaranmu suna faɗawa kogin nan kullum ba mai lura da su. Gasa ce za ta kawo masunta da kwalekwalensu a jere, da rigunan ceto, da ma'aikatan lafiya a gaɓa. Ai ko bikin kamun kifi na Argungu yana haɗa iyo cikin wasannin ruwa na Kabanci a kogin Matan Fada, har hukumar UNESCO ta amince da bikin a 2016. Masuntanmu da suka san kowane gurbi na Binuwai su za a fara tuntuɓa.