A Bar Yaro Ya Bi Hanyar Da Ya Gane A Lissafi

Jama'a, a gwada ba 'yan aji uku wannan tambaya: wata mata ta kawo kiret 7 na ƙwai kasuwa, kowane kiret da ƙwai 30, ƙwai nawa ke nan duka? Da yawansu za su rubuta 37. Ba daƙiƙanci ba ne. Sun ga lambobi biyu, sun ji kalmar "duka", an kuwa koya musu cewa in an ce "duka" tarawa ake yi. Yaran nan fa suna rera jadawalin sau tun daga sau 2 har sau 12 kamar waƙa, amma da an sa lissafin cikin labari sai su ruɗe.

A ganina laifin yana ga nace wa hanya ɗaya tak. Malam ya rubuta ta a allo, kowa ya kwafa, wanda ya bi wata dabam a ja masa jan biro ko da amsarsa daidai ce. Haka ake kashe zuciyar yaro har ya riƙa cewa shi ba shi da kan lissafi.

Alhali hanyoyin suna da yawa. Wani yaro zai zana da'ira 7 ya rubuta 30 cikin kowace, ya yi ta tarawa: 30, 60, 90, har 210. Wani zai ce 7 sau 3 ai 21 ne, to gomomi 21 ke nan, watau 210. Wanda bai kai nan ba a ba shi tsakuwa ko murafun kwalba, ya jera layi 5, guda 6 a kowane layi, yadda ƙwan ke zaune a kiret. Da ya dubi jerin ta gefe zai ga layi 6 ne na biyar-biyar, ya gane da kansa cewa 5 sau 6 da 6 sau 5 abu ɗaya ne.

Akwai kuma ninki, wanda 'yar talla ke yi da ka ba tare da alli ba. A ce dozin 13 na fensir. Ɗaya 12, biyu 24, huɗu 48, takwas 96. Tun da 8 da 4 da 1 su ne 13, sai a haɗa 96 da 48 da 12, a sami 156. Kada wani ya raina ta ya ce dabarar kasuwa ce. Da ita mutanen Masar na dā suke lissafi, kuma tana nan cikin takardar da wani marubuci mai suna Ahmes ya kwafa fiye da shekara 3,500 da suka wuce.

Na san malamai za su ce aji ya cika maƙil, lokaci kaɗan ne, jarrabawar shiga sakandare kuma sauri take so. Gaskiya ne, kuma ban ce a bar hadda ba. Amma gara tambaya ɗaya da yara uku suka fito suka warware ta hanya uku, kowa yana bayyana dalilinsa, da tambaya goma da aka kwafa ba a gane ba. In da Turanci aka rubuta tambayar, a sa yaro ya fara faɗin labarin da harshen da ya fi ji, domin sau da yawa a nan ne ya ɓace.

Ku kuma iyaye, in yaro ya kawo aikin gida da yamma, kada ku tsaya ga duba amsa kawai. Ku ce masa, "Nuna mini yadda ka samo ta."